Hular Ƙarfen Kawu Bulus

Ɗakina na unguwar Al Asmakh a Doha ba shi da murhu, sai na'urar sanyi mai gurnani. Amma ran nan da na taso daga asibitin da nake aikin nas, na kunna talabijin na ga ƙarti da hulunan ƙarfe suna ture juna a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Nan take na gan ni a Kafanchan, gindin murhun Kaka, hayaƙi yana sa ni hawaye.

Tatsuniyar da muka fi so ta ɗanta ce, Kawu Bulus. Karatu ya kai shi Jamus, can aka ga girman jikinsa aka sa shi a ƙungiyar ƙwallon Amurka, cikin wata gasa da Amurkawa suka kafa a Turai don a saba da wasansu. Kaka ba ta taɓa ganin wasan ba. Hoto ɗaya ya aiko, ita kuwa ta gina gari guda a kansa.

Da an gama cin tuwo sai ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta taso daga ƙasar sanyi." Wai akwai garin samudawa masu kifa ƙwarya a ka, duk rigimarsu a kan ƙwan jimina guda. Wanda ya sure shi sai ya ruga, sauran su bi shi su danne. A cikinsu akwai ɗan wata tsohuwa, wanda ya baro tuwon uwarsa yana hucewa. "Kuma wai wasa ne!" in ji ta. "Babu mai hankalin da zai ba kowa ƙwansa a huta?" Mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Abu ɗaya ke damuna. Kowace tatsuniya Kaka tana rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. Da na tambaya sai ta ce, "Yaya zan rufe, yaron yana can ƙarƙashin ƙarti?"

Ana nan, masu gasar suka ga ba ta biyan buƙata, suka rufe ta, ƙungiyoyin duk suka watse. Kawu ya dawo yana ɗingishi, fuska ba walwala, hularsa a jaka. Maƙwabta suna masa jaje, Kaka kuwa ta sa aka yanka zakara.

"Ni na roƙa a rufe ta," ta ce masa, ko kunya babu.

"Mama, gasa guda kika kashe?"

"Da sun maido mini ɗana da wuri, da na bar musu abinsu."

A ranar ta ba mu tatsuniyar har ƙarshe, ta ce ƙurunƙus da ƙarfi. Hular kuwa kazarta ce ta gaje ta, a ciki take ƙwai.

Lokacin Kawu na tausaya wa. Yanzu na san abin da Kaka take ji. Ina jin daɗin Doha, aikina yana tafiya lafiya. Amma ranar Lahadi mahaifiyata ta gaya mini a waya cewa tana ba jikokinta tatsuniyar wata yarinya mai fararen kaya a garin yashi da gilashi.

Na ce, "Mama, kina rufe ta kuwa?"

Ta yi dariya.

"Don Allah kar ki roƙa a rufe asibitin," na ce mata. "Zan zo Kirsimeti."