Murmushin Kada

A gidanmu na Kakuri, da zarar an gama tuwon yamma sai Kaka Laraba, uwar babana, ta jawo kurfoti ta jera masara a kan garwashi. Mu kuma mu zagaye ta. Wanda bai wanke hannu ba, ba masara, ba labari. Tsohuwar nan ba ta da wasa ko kaɗan!

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta kada. Wai haka aka halicci bakinsa, kullum kamar yana murmushi. Wata rana ya ga ambaliya ta taso daga saman kogi, ya fito da gudu ya ce wa dabbobin bakin kogi su kwashe 'ya'yansu. Biri ya ce, "Ku dube shi, yana faɗa yana dariya!" Sai kura ta zo ta haɗe rai, ta ce babu komai, kowa ya kwanta. Aka yarda da ita. Akuya kaɗai ta lura ƙafafun kada na rawa, ta kora 'ya'yanta tudu. Sauran, ruwa ya tafi da su.

"Akuya ba ta fi su wayo ba," in ji Kaka tana juya masara. "Su sun tsaya a baki, ita ta kalli mutumin gaba ɗaya."

A lokacin haushin biri kawai nake ji. Sai da na haifi Rifkatu na gane, domin yarinyar nan in ta tsorata murmushi take yi. Ranar wata jarrabawa, muna Barnawa, ta ce cikinta na ciwo, haƙora a waje.

Babanta ya ce, "Maman Rifkatu, dubi fuskarta mana. Makaranta ce ba ta so."

Na duba. Amma na ga kuma yadda ta riƙe bakin tebur har yatsunta suka yi fari. Ban tsaya musu ba, na tare keke napep sai asibiti. Likita ya taɓa gefen cikin sau ɗaya ya ce a shirya tiyata yanzu, hanji ne ya kumbura, yana gab da fashewa. Nan take aka shiga da ita ɗakin tiyata.

Da ta farfaɗo, babanta na tsaye ya kasa haɗa ido da ita. Ta kamo hannunsa, murmushin nan dai yana nan.

"Baba, da gaske nake fa."