Ƙwaryar Aljana da Sunan Garinmu

A Tungar Maje, can gefen Zurmi, da an idar da isha'i muke kewaye murhun kakarmu Iya Dije, tun garwashin tuwo bai mutu ba. Ba ta gaggawa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe. Mai jin kwana shi ba mu wuri."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta matar da aljana ta ba ƙwarya. Da can yini take tana sheƙar gero, tana duban abin da ke zuba. Ƙwaryar aljana kuwa, ɗagawa ɗaya an gama. Sai ta daina dubawa. Rannan ɗan irin da uwarta ta bar mata ya bi ƙaiƙayi, ba ta farga ba sai da ruwan shuka ya sauka.

"Iya, to mi ta shuka?"

"Ƙaiƙayi mana, sarkin tambaya! Ku tashi, ta ƙare."

Iya ta rasu. Garin ma ya watse, muka gudo Ƙauran Namoda. Yanzu shara nake a ɗakin karatu na kwalejin da ɗiyata Hafsatu take. Na ga zamanin tsofaffin kwamfutoci. Ɗalibi kan rubuta kalmomin da zai nema a takarda, ya auna su, don kowane nema sai an jira. Abin da ya fito kuma sai ya karance shi. Da aka kawo masu sauri, sai a danna, a leƙa, a goge.

Hafsatu ta so yin aikinta na ƙarshe a kan garinmu, kada sunansa ya ɓace. Ta buga sunan, ta sake, ta sake, duk kafin in kai tsintsiya bakin ƙofa.

"Inna, babu mu ciki. Zan canza batu."

Na roƙi wata ma'aikaciya ta buga mini Zurmi kawai. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bi. Kwana uku ina bi bayan na gama shara. Can ƙasa na gan shi a wani tsohon rubutu na Turanci, an karkace shi: Tungan Maji. Ma'aikaciyar ta fassara mini. Rijiya biyu, da marina. Mu ne.

Aka fitar mini da shi a takarda, na kai wa Hafsatu. Ta daɗe tana kallo.

"An riga an sa hannu a wancan batun, Inna."

Ban ga laifinta ba, ƙwaryar da aka miƙa mata ke nan. Takardar tana cikin kwallata. Ni na tsinto irin, Iya, sai dai shuka ta wuce, gonar ma babu mai zuwa.