Ragon da Baba Ya Ɓoye

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan manta ranar da aka yi min karama a ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla ba. Karama ita ce yankan godiya da muke yi idan Allah ya cika wa mutum buri, a tara dangi da maƙwabta a ci.

Ina tsakiyar daktora a injiniyancin ban ruwa a Wad Madani na ƙara ɗauko majister, wato digiri na biyu, a harkar kasuwanci. Na gaji da ganin injinan ban ruwa masu kyau suna tsatsa a bakin tur'a, hanyar ruwan gonakinmu, don waɗanda suka ƙera su ba su san yadda za su sayar ba, balle su tanadi kayan gyara.

Da na faɗa wa Baba, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Kasuwa kuma? Mu da munka gaji kasuwa tun daga Sakkwato, ke za ki tahi jami'a a koya miki? Ga Innarki nan, ta koya miki kyauta. Halas, shi ke nan, ki ƙare na injin ki dawo."

Bai hana ni ba, bai kuma sa albarka ba, kuma wannan ya fi min hani ciwo. Ni kuwa kaina nasa ne, taurin ma iri ɗaya. Da safe ina ɗakin gwaji, da yamma in faɗa raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa ɗaya ajin, ina gyangyaɗi. Idan na zo hutu na ambaci karatun kasuwancin, sai Baba ya tuna ba a ba jaki ruwa ba, ya tashi.

Da na kammala duka biyun, Inna ta kira ni ta ce karama ranar Juma'a, an sayi rago. Rago ɗaya ke nan, na injin. Na yi wa kaina alkawari zan yi fara'a duk da haka.

Ina shiga gida na ga raguna biyu a gindin darbejiya. Na biyun ƙato ne, ƙiba har ta hana shi tsayuwa da kyau. Maƙwabcinmu mahauci yana wasa wuƙa yana dariya.

"Mabruk, daktora! Wanga ya daɗe gidana. Satin da kunka yi gardama babanki ya kawo shi ɗan ƙarami. Kullum sai ya zo mai da harawar gyaɗa daga gona, ya ce in yi shiru."

Na juya wurin Baba, idona ya cika. "Baba, ai kun ce..."

"Na ce, kuma ban janye ba. Har yau ban ga abin karantawa ga kasuwa ba. Amma ɗiyata nika yanka ma, ba kasuwa ba."

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Yau ina da ɗan kamfanina na injinan ban ruwa, Baba kuma har gobe yana ce wa baƙi Inna ce ta koya min ciniki. Na bar shi. Ranar nan ta koya min in daina jiran albarka daga baki kaɗai. Duk lokacin da nake kukan ya ƙi sa min ita, ashe tana gidan maƙwabci tana cin harawa.