Shekara Shida Bayan Habibu, 'Yarsa Na Son Barin Karatun Lauya

Shekara shida ke nan da muka binne Habibu a Birmingham, amma makon jiya ne rashinsa ya fi damuna.

Tare muka zo Ingila karatu, ni akanta, shi dokar ƙasa da ƙasa. A flat ɗinsa na unguwar Perry Barr muka saba musu har shayi ya huce. Ya yi imani za a iya gyara manyan majalisun duniya: a hana kowace ƙasa hawa kujerar na-ƙi muddin ana kashe fararen hula, hukuncin kotu kuma ya hau kan mai ƙarfi yadda yake hawa kan marar gata. Ni kuwa kullum ina ce masa babu mai ƙarfin da zai sa hannu a rage masa ƙarfi.

Bai ga Gaza ta yau ba. Ina yawan tambayar kaina, da ya ga ana tono yara daga ɓaraguzai, wakilan ƙasashe kuma su zauna su tashi ba a tsagaita wuta ba, zai ci gaba da wannan magana?

'Yarsa Rumaisa tana karatun lauya a nan Manchester. Ranar Asabar ta zo gidanmu a Levenshulme, ta kasa cin abinci. Ƙawarta Bafalasɗiniya ta rasa uwa da ƙanne biyu, washegari kuma aka koyar da su darasin kare fararen hula a lokacin yaƙi.

"Baffa, zan bar jami'a," ta ce. "Me zan yi da dokar da ba ta tsare kowa ba?"

Sai na ji bakina yana faɗin maganar ubanta: idan duk masu jin zafin abin suka fice, waɗanda ba ruwansu ne za su rage suna rubuta dokar.

Ta tambaye ni ko ni kaina na yarda da haka. Na ce mata har yanzu ban yarda ba, amma ban taɓa iya ƙaryata shi ba.

Ta koma aji ranar Litinin, ba ta yi mini alƙawarin komai ba. Habibu bai bar mana gyaran da ya yi fata ba. Ya bar yarinyar da abin ke hana ta sukuni, da aboki mai gardama wanda yanzu dole ya tsaya masa. Allah Ya jiƙansa, Ya kawo wa mutanen Falasɗinu ɗauki.