Jan Zaren Bakin Riga

Na ga mata suna saƙa a wurare da dama. A Istanbul na ga wata tsohuwa tana fara riga da sarƙar kwarashi, wadda ake ja ɗaya ta warware. A Yamai, wata Bazabarmiya ta nuna mini yadda ake naɗa zaren farko a jikin igiya. Manufar ɗaya ce: a fara da zaren aro, kada a rufe bakin saƙa, domin wata rana a zare shi a ci gaba ta ƙasa. Amma ban ga wanda ya riƙe wannan dabara kamar maƙwabciyata ta Panshekara ba.

Kirista ce 'yar Filato, mijinta yana aikin rini a wata masaƙa a Challawa. Katanga ɗaya ta raba mu. 'Yarsu ɗaya, kuma tana da sikila. Sanyi shi ne babban abokin gabarta. Da ya taɓa ta sai ƙasusuwa su ɗauki ciwo, mu kwana muna jin kukanta.

Yarinyar tana shekara biyar uwar ta saƙa mata rigar sanyi da shuɗin ulu, ta yi ta da faɗi sosai. Ta fara da zaren aro mai launin ja, ta gama riga, ta bar jan a bakinta na ƙasa.

Na ce, "Maman yarinya, kin manta zaren aro. A Turkiyya da an yi miki dariya."

Ta ce, "Hajiya, ke da yawonki! Turawan naki ne za su saƙa mata wata baɗi? Tsawo za ta yi. Idan na rufe baki, ta ina zan ƙara?"

"Ba Turawa ba ne, Turkawa."

"Duk jirgi ake hawa."

Haka aka yi ta yi. Kowace shekara, damina na ɗaukewa, sai ta shigo gidana da rigar. Ni nake zare jan zaren a hankali, ita tana bina da tsinken saƙa tana kama idanun, wato ƙananan madaukan da zaren ya riƙe. Ido ɗaya ya kuɓuce, layinsa ya tafi har sama. Sai ta saƙa ƙarin tsawon yatsu uku ko huɗu, ta mayar da jan zaren. Ulu ba ya zuwa iri ɗaya, saboda haka ƙasan rigar ya zama zobe-zobe: shuɗi, toka-toka, kore. Shekarar da masaƙar mijin ta rufe, tsohuwar hularsa ta warware ta yi ƙarin da ita. Yarinyar kan nuna wa jikokina zoben, ta ce, "Nan ina aji biyu. Nan aka ƙara mini jini."

Ƙirjin rigar ya daɗe da matse ta, hannuwan sun tsaya a gwiwar hannu. Na kawo mata sabuwa daga tafiya. Ta yi godiya, ta ninke, ta ci gaba da sa tsohuwar.

Tana shekara goma sha biyu ciwon ya kama ƙirjinta. Ba ta dawo daga asibiti ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, uwar ta yi sallama da la'asar, rigar tana hannunta. Ba mu yi doguwar gaisuwa ba. Ta zauna a tabarma, ta miƙo mini bakin rigar. Na soma zarewa, tana kamawa. Ko ido ɗaya bai kuɓuce ba.

Na duba gefenta, ban ga ƙullin sabon ulu ba. Ta ɗauki idon farko ta ɗora a kan na biyu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta rufe bakin, ta yanke zare da haƙori.

Ta shimfiɗa rigar a cinyarta, ta shafa ta daga wuya zuwa ƙasa.

Ta ce, "Iyakar tsawonta ke nan, Hajiya."

Na ce, "Allah Ya ba ki haƙuri."

Ta tafi da rigar. Jan zaren ta bar shi a kan tabarmata, duk ya lanƙwashe da siffar idanun da ya riƙe.