Injin da Ba Ya Son Tashi Bayan Azahar

Ranar wata Talata ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, na iso gonar mangwaro ta Maje da kwanon abinci a kaina, na tarar Baba ya taka injin da ƙafar hagu yana jan igiya. Zufa ta jiƙe masa singileti har ta manne da bayansa. In ya ja, sai injin ya yi tari sau ɗaya, igiyar ta fizge ta koma, shi kuma ya cije leɓe ya dafe kafaɗarsa ta dama. Can gefe Madam Saratu, mai injin, tana tsaye jikin motarta ta harɗe hannuwa. Ban ma ƙarasa sallama ba na ji ta ce, "Malam Isiyaku, ni ba na so in kashe ka da aiki. In abin nan bai tashi kafin la'asar ba, gobe zan kawo wani ma'aikaci." Na sauke kwanon a gindin bishiya. A duk wurin ni kaɗai na san abin da ya hana shi tashi.

Baba mai faskare ne tun kafin a haife ni. Da gatari ya ciyar da mu, mu shida a ɗaki biyu na gidan haya a Kwamba, har kafaɗarsa ta soma gazawa. Shi ya sa da Madam Saratu ta ɗauke shi aikin injin, Inna ta yi sadakar waina. Madam tana da gidan kaji a Tafa. A lokacin an fara sare gonaki a Maje ana yanka filaye, ita kuwa sai ta sayo wani tsohon inji mai amfani da fetur, wanda ake cusa wa reshe ta sama, wuƙaƙen cikinsa su daddatsa shi, ya feso ɓarɓashin itace ta ƙasa. Shi take shimfiɗa wa kajinta. Aikin Baba ya tada injin ya riƙa ba shi rassa, ƙanensa Kawu Tanko yana jawo masa su.

Da safe injin ba ya gardama, ja biyu ya ɗauka. Bayan azahar ne yake nuna halinsa, kuma ba kullum ba. Wata rana ya tashi salin-alin, wata rana a yi awa biyu ana fama. Bakanike ya zo sau biyu, ya canza fulogi, ya wanke kabureta, ya ɗora laifin kan fetur ɗin kwalba da ake saye a bakin titi. Da yake da sassafe yake zuwa, a gabansa injin lafiya lau yake tashi. Kawu Tanko kuwa ya dage kan wata tsohuwar tsamiya da aka sare a gefen gonar. "Yaya, masu gidan ne suka dawo cin abincin rana suka ga babu gida," in ji shi. Baba ya ce masa ya ji tsoron Allah ya jawo reshe. Amma da dare ina jin Inna tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi da man shanu, yana nishi ƙasa-ƙasa don kada mu ji.

Ni ce mai kai abinci. In an tashe mu daga makaranta sai in ruga gida, in tuɓe yunifom, in ɗauki doya da manja ko dafa-duka, in kama hanya. Baba ya kafa mini doka biyu. Kada in kusanci injin ko a kashe yake, kuma kada in ɗebi ko tafi ɗaya daga tulin ɓarɓashin, domin amanar Madam ce. To, ni kuma hura wutar dare aikina ne, kuma itacen da muke samu ɗanye ne, sai na sha hayaƙi har idona ya yi ja. Rannan suna salla a ƙarƙashin mangwaro sai na leƙa ta inda injin yake feso ɓarɓashi, na hango guntayen itace maƙale tsakanin wuƙa da ƙarfe. Nan take na yanke wa kaina fatawa: wanda ke cikin tuli na Madam ne, wanda ya maƙale a ciki kuwa ba na kowa ba ne. Hannuna siriri ne, na zura shi har gwiwar hannu, na zaro su ɗaya bayan ɗaya na ƙulle a bakin zane. Ina jin sanyin wuƙar tana gogar bayan hannuna. Da ɓarɓashin da ya biyo su na hura wuta ranar, ashana ɗaya.

Na maimaita haka ya fi sau biyar kafin in lura da wani abu. Duk ranar da na iso da wuri na yi satata, injin ja biyu yake tashi. Duk ranar da na tsaya 'yar carafke da ƙawaye a bakin famfo, ko aka tsare mu sharar aji, na iso an idar da salla, to ranar Baba zai sha wahala. Sai na fara kallon yadda yake kashe shi. Baba mutum ne da ba ya yarda wata ƙara ta hau kan kiran salla. Da ladan ya ce "Allahu akbar" daga masallacin ƙauyen, ko da reshe na tsakiyar maƙogwaron injin, zai kai hannu ya kashe. Sai ya zare babban reshen da ido ke gani ya tafi alwala. Guntun da wuƙa ta riga ta ciza yana can ƙasa ya toƙare ta. Injin kuma bel ne ya haɗa shi da wuƙaƙen kai tsaye, saboda haka in Baba ya ja igiya, da itacen nan yake kokawa. Da yamma kuwa sai rassa sun ƙare yake kashewa, cikin injin fayau, shi ya sa safiya ba ta da matsala.

Na gane, amma na yi shiru kusan mako biyu. In na faɗa, dole in faɗi yadda aka yi na sani. Na zaɓi in riƙa gudu don in iso kafin su idar da salla. A wannan Talatar kuwa malaminmu ya tsare mu haddar lissafi, ga shi Madam ta zo da kanta.

Na tsaya ina ƙirga jan da Baba yake yi. A na goma sha wani abu, igiyar ta fizge shi har ya durƙusa, hannun daman ya saki kamar ba nasa ba. Kawu Tanko ya ce a ba shi ya gwada, Baba ya girgiza kai, ya naɗe igiyar a hannun hagu. Na san in aka karɓe injin nan gatari zai koma, da wannan kafaɗar. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, itace ne ya maƙale a ƙasa." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya juyo ya ce, "Uwata, wa ya gaya miki?" Na ce, "Ni nake cirewa in kuna salla." Ya ce, "Da me?" Na ɗaga hannuna.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi tsawa ba. Ya dubi hannun, ya dubi bakin injin. Madam ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, yarinyar nan!" Baba ya zare hular fulogi ya sa a aljihu, ya karɓi sifana ya kwance murfin ƙasa. Ga guntun mangwaro nan kamar kaurin taɓarya, wuƙa ta nutse a cikinsa. Sai da ya sa guduma ya fita. Ya mayar da murfi, ya mayar da hular, ya yi bisimilla ya ja da hagu. A ja na biyu injin ya ɗauka, tsuntsaye suka watse daga kan bishiyoyi. Kawu Tanko ya yi ihu, "Ashe aljanin namu ɗan mangwaro ne!" Madam ta daɗe tana kallon Baba, sannan ta ce ya huta kwana uku ya je wurin mai ɗori, injin yana jiransa.

A hanyar gida ina ta jiran duka. Da muka wuce gonakin sai ya tsaya, ya kama hannuna na dama, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, kamar yana so ya tabbatar suna nan. Ya ce, "Da na idar da salla na ja igiya hannunki na ciki fa?" Ya saki hannun. Ya ce, "Gara in mutu da gatari a hannu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya fi mini bulala ciwo.

Da ya koma aiki sai ya kafa sanda a fili ya ajiye dutse kusa da ita. In inuwar sandar ta taɓa dutsen, ya daina ba injin reshe, ya bar shi ya yi ta juyi har cikinsa ya zama fayau, ya kashe kafin ladan ya buɗe baki. Bai taɓa bari ƙarar ta hau kan kiran salla ba, injin kuma bai sake yi masa gardama ba. Shekara shida ya yi yana aikin. Kafaɗar dai ba ta koma daidai ba, har ya rasu da hagu yake ɗaga buta.

Yau injuna nake sayarwa, na ban-ruwa da na niƙa da janareto, kuma yawancinsu da makulli ake tada su, ko yaro ya murɗa sun ɗauka. Duk wanda ya saya ina gaya masa kada ya kashe inji da kaya a cikinsa, wasu su ji, wasu su dawo da ƙorafi. Gonar Maje ta zama gidaje masu dogayen katanga, na bi ta wurin ban iya nuna inda muke zama ba. Na samu abubuwa da yawa da ban yi zato ba, amma ban sake samun wanda ya tsorata saboda ni kamar yadda Baba ya tsorata ran nan ba.