Aradu Ya Hau Benci

Tun yana yaro ake ce masa Aradu, domin in ya ce "Inna, ina kwana?" har maƙwabta sai sun amsa. Da ya girma ya samu aikin shara a asibiti, amma bai daɗe ba aka sallame shi: ya tsaya gaida wani tsoho, majinyatan ɗakin kaf suka farka. Ya koma shagon ɗinkin kawunsa, kawun ya ce, "Ɗana, ko kai ko keken nan, kaina ba zai ɗauki biyu ba."

Daga ƙarshe ya kama tsintsiya a tashar jirgin ƙasan da ke kwasar ma'aikata daga unguwannin bayan gari zuwa cikin birni. Nan ya sake, don a tasha kowa ihu yake yi.

Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, lasifikar tasha ta mutu. Ga mutane cike maƙil, ga jirgin birni an karkatar da shi zuwa layi na biyu, can ƙetaren gada. Shugabar tasha ta fito da gudu tana ɗaga hannu, babu mai jin ta. Aradu ya jingine tsintsiya.

"Ranki ya daɗe, in faɗa musu?"

"Faɗa, don Allah!"

Ya haye benci, ya cika ƙirji. "Masu shiga birni! Layi na biyu! A hau gada, ban da turereniya!"

Tattabarun kan rufi suka tashi fir. Wani mai gyangyaɗi ya saki jakarsa. Jama'a suka juya gaba ɗaya suka ɗunguma gada, jirgi bai bar kowa ba. Direba ya leƙo ta taga yana dariya: "Saura kaɗan ni ma in sauko in bi su!"

Da aka gyara lasifikar, fasinjoji suka ce atafau ba su yarda ba, cinye kalmomi take yi. Sai shugabar ta miƙa wa Aradu hula da riga mai ƙyalli. Ran nan da gudu ya isa gida, yana haki.

Matarsa ta zagaya shi tana tafa hannu. "Maigida, wai ihun ne ya zama aiki?"

"Ke dai bari!"

Yanzu ya san fasinjojinsa fuska da fuska. In ya hango mai latti tafe, sai ya ɗaga murya: "Malama mai jan lema, ɗaga ƙafa, za a rufe ƙofa!" Ita kuwa ta kwasa a guje tana dariya, mutanen cikin jirgi na miƙo mata hannu.